Gadon naira miliyan 10: nawa ne rabon hannun jari, nawa ne na takardun lamuni?

Tambaya: Wani ma'aikacin gwamnati ɗan shekara 44 ya rubuto cewa an raba gado, rabonsa ya kama naira miliyan 10. Yana da asusun fansho, ba a binsa bashi, ɗansa na fari zai shiga jami'a baɗi, kuma ana maganar auren 'yarsa nan da shekara uku. Ya karanta cewa ana zuba kashi 60 cikin 100 a hannun jari, 40 a takardun lamuni. Wani abokinsa kuma ya ce masa ya debe shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne rabon hannun jari. Ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa. Wanne zai bi?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a abin da suka bari.

Duka lissafin biyu da ka ji ana amfani da su, amma ba zan so ka fara daga nan ba. Ka fara da tambayar da kowace naira a cikin miliyan goman nan za ta amsa: yaushe za a neme ni? Kuɗin da ke da ranar fita, irin na makaranta da na kayan ɗaki, wurinsa daban. Kuɗin da ba za ka waiwaye shi ba sai bayan shekara goma ko sha biyar, shi ma wurinsa daban. In ka yi wannan rabon da gaskiya, kason zai fito da kansa, kuma zai dace da gidanka fiye da duk wata ƙa'ida da aka shigo da ita.

Wanda ya sayi hannun jari ya zama ɗaya daga cikin masu kamfani. In an ci riba da shi, in an yi asara da shi, kuma babu wanda ya yi masa alkawarin ko sisi. Wanda ya sayi takardar lamuni kuwa rance ya ba gwamnati ko kamfani, an rubuta masa abin da za a riƙa ba shi da ranar da za a mayar masa da uwar kuɗinsa. Tunda kana gudun kuɗin ruwa, abin da zai tsaya maka a madadin takardar lamuni shi ne sukuk, inda kuɗinka ke shiga wani aiki na zahiri, kamar gina hanya, gwamnati kuma ta riƙa biyanka haya. Ta fuskar shari'a biyun sun bambanta. Ta fuskar yadda suke yi wa aljihu, hali ɗaya ne: abin da za ka samu a ƙayyade yake, ba ya ƙaruwa don shinkafa ta yi tsada.

Manomi ya san wannan rabon tun kafin a buɗe kasuwar hannun jari a Legas. Hatsin da ke rumbu ya san damin da ya zuba, sai dai ƙwari na cinsa a hankali. Wanda ya kai gona zai iya ninkawa, zai iya ƙonewa in damina ta yi gardama. Ba ya shuka abincin da iyalinsa za su ci bana, kuma ba ya kulle irin baɗi a rumbu don tsoron fari.

Lissafin 60 da 40 ɗin nan a Amurka ya yi suna, ƙasar da ta daɗe hauhawar farashinta na yawo tsakanin kashi 2 da 3 a shekara. A irin wannan yanayi takardar lamuni na iya riƙe darajar kuɗi, kuma sau da yawa in hannun jari ya faɗi ita takan tashi ta rage zafin. Ko a can ma abin ba ya tafiya haka kullum. A 2022, da farashi ya hau, babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa, ma'aunin S&P 500, wanda ke bin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 19, takardun lamuni kuma suka faɗi da kusan kashi 13. Wanda ya raba 60 da 40 ya sha duka ta gefe biyu a shekara guda.

Mu a Najeriya tarihinmu ya fi wannan tsanani, kuma ina so ka zauna da shi sosai kafin ka motsa kuɗinka, domin kowane ɓangare ya taɓa cin mutane.

Ɗauki hannun jari tukuna. Bayan haɗe bankuna na 2005, lokacin da aka ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna sun yi ta tallar hannun jari har lungu-lungu. Malaman makaranta, 'yan kasuwa, matan aure, kowa ya saya, wasu ma da rancen da bankunan da kansu suka ba su. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato adadin da ke nuna hawa da saukar farashin hannun jari gaba ɗaya, ya haura maki 66,000. Shekara guda bayan haka yana wajen 20,000, wato kusan kashi 70 cikin 100 ya tafi. A Agustan 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin wasu manyan bankuna, a 2011 kuma aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne tsawon jiran: ma'aunin bai sake taka matsayinsa na 2008 ba sai a watan Agustan 2023. Shekara goma sha biyar ke nan. Wanda ya zuba kuɗin auren 'yarsa a farkon 2008, sai dai ya sayar da asara ko ya ɗaga biki. Shi ya sa har yau a gidaje da yawa a Arewa, in ka ambaci hannun jari sai a nuna maka tsohuwar takarda a ƙasan akwati a ce ga shi nan. Tsoron nasu yana da dalili.

Sai ɗaya gefen, wanda mutane ke ɗauka babu haɗari a cikinsa. A 2020 Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya fitar da sukuk na shekara bakwai a kan hayar kashi 11.2 a shekara. Wanda ya sa naira miliyan 1 yana karɓar 112,000 duk shekara, gwamnati kuma ba ta saɓa ba. To amma duba abin da farashi ya yi. Hauhawar farashi a watan Disamba ta kasance kashi 15.63 a 2021, 21.34 a 2022, 28.92 a 2023, sannan 34.80 a 2024. In ka jera su, kayan da ake saya naira 100 a ƙarshen 2020 sun koma kusan 244 a ƙarshen 2024. Mai sukuk ɗin, uwar kuɗi da hayar shekara huɗu sun ba shi kusan miliyan 1.45, alhali yana buƙatar miliyan 2.44 kafin ya sayi abin da miliyan ɗayarsa ke saya a da. Babu wanda ya cuce shi, an biya shi daidai da alkawari, amma kusan kashi 40 na ƙarfin kuɗinsa ya zube. A daidai waɗannan shekaru huɗun, ma'aunin kasuwar hannun jari ya tashi daga kusan maki 40,000 zuwa kusan 103,000, ya ninka sau biyu da rabi, ban da ribar da kamfanoni suka raba. Wato shi ne ya iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsadar rayuwa.

Ka ga ke nan, a 2008 wanda ya ƙi hannun jari shi ya tsira, daga 2020 zuwa 2024 kuma wanda ya ƙi shi shi ya yi asara. Ba wanda ya san wace irin shekara ce ke tafe, har da mu da muke wannan sana'a. Dalilin rabawa ke nan.

Akwai abu biyu kuma game da takardun gwamnati da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Na farko, alkawarin mayar da uwar kuɗi na ranar da wa'adi ya cika ne. In ka matsu ka kai takardarka kasuwa kafin lokacin, farashin ranar za a ba ka. A 2025 an fitar da sabon sukuk a kan kashi 19.75, wa zai sayi mai 11.2 a cikakken farashi alhali ga wannan? Sai an yi masa ragi, kuma gwargwadon nisan wa'adi gwargwadon girman ragin. Na biyu, gwamnati ma takan gaza. 'Yan'uwanmu na Ghana sun gani a Disambar 2022, lokacin da gwamnatinsu ta nemi masu riƙe da takardun lamuninta su musanya su da sababbi masu ƙarancin biya da dogon wa'adi, har tsofaffin 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi. Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta biya sukuk ɗinta na farko, na naira biliyan 100 da ta fitar a 2017, da wa'adinsa ya cika a 2024, kuma wannan abin ƙarfafa gwiwa ne. Duk da haka kada ka tara komai a hannun mai bashi ɗaya.

Yanzu mu zo kan miliyan gomarka.

Ka fara ware kuɗin ko-ta-kwana, abin da zai riƙe gida wata shida in albashi ya tsaya ko rashin lafiya ta shigo. In gidanka na cin 250,000 a wata, miliyan 1.5 ke nan. Wannan ba jari ba ne, kada ka nemi riba mai yawa a kansa. Ka ajiye shi inda za ka iya cira cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar asusun ajiya na mudaraba, inda banki ke juya kuɗinka ku raba riba, a bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa. Amfaninsa shi ne ya hana ka sayar da hannun jari a ranar da kasuwa ke ƙasa, domin mafi yawan asarar da ƙananan masu zuba jari ke yi daga sayarwar dole take fitowa.

Sai kuɗin da ke da rana: makarantar yaro da hidimar biki. Kai ka san nauyin da ke kanka, amma mu ƙaddara miliyan 2.5. Ko kwabo daga ciki kada ya shiga hannun jari, komai daɗin labarin da kake ji daga kasuwa. Shekara uku ba ta isa kasuwa ta faɗi ta tashi ba. Ka neme masa sukuk da wa'adinsa ke cika kafin lokacin buƙata, wanda dillali zai iya sayo maka a kasuwa daga tsofaffin da aka fitar, ko ajiyar mudaraba mai wa'adi, ko asusun haɗaka na halal mai zuba kuɗi a sukuk. Kada ka sa kuɗin shekara uku a takardar shekara goma don hayarta ta fi tsoka. Kuma tunda kayan ɗaki farashinsu ba ya jira, abin da ba ya lalacewa ana iya fara sayensa tun yanzu, kamar yadda iyaye mata suka saba.

Saura miliyan 6, kuma a nan ne tambayarka take da gaske. Kana da shekara 16 kafin ka kai 60, sai dai in shekarun aikinka 35 sun riga cika. A nan akwai abin da masu lissafin 60 da 40 ke mantawa: asusun fanshonka. Tun daga Yulin 2018 hukumar kula da fansho, PenCom, ta raba asusun fansho rukuni-rukuni. A tsarin da aka fara da shi, rukuni na 2, inda ake sa duk wanda bai kai shekara 50 ba in bai zaɓi wani ba, an yarda a zuba har kashi 55 a jarin da ke hawa da sauka. Rukuni na 3, na masu 50 zuwa sama, kashi 20. Rukuni na 4, na waɗanda suka yi ritaya, kashi 10. Wannan iyaka ce kawai. A aikace, fiye da rabin kuɗin fanshon ƙasar nan a takardun bashin Gwamnatin Tarayya yake. Ma'ana, kai tuni kana da babban kaso a ɓangaren takardun lamuni, duk wata kuma ana ƙara maka. In ka sake kwashe gadonka ka kai can, ka jingina tsufanka kacokan a kan darajar naira, wadda ta tashi daga kusan 460 a dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Af, tunda maganar fansho ta zo: akwai rukuni na 6, wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, kuma kana da damar neman kamfanin fanshonka ya mayar da kai can. Mutane da yawa masu irin ra'ayinka ba su san da shi ba.

Saboda haka, a cikin miliyan shidan nan ni zan sa 4 a hannun jari, 2 a sukuk mai dogon wa'adi. In ka haɗa duka, hannun jari ya kama kashi 40, sukuk da makamantansa 45, tsabar kuɗi 15. Ya yi ƙasa da 60 ɗin da ka karanta, ya yi ƙasa da 56 ɗin da lissafin abokinka zai ba ka, domin su biyun ba su san da biki da makaranta ba.

Kafin ka amince da wannan kason, ka gwada zuciyarka da naira, kada ka gwada ta da kashi-kashi. Ka ɗauka ka buɗe wayarka wata safiya ka ga miliyan 4 ɗin nan ta koma 2. Ya taɓa faruwa, har abin da ya fi haka. Za ka iya rufe wayar ka tafi aiki, ka bar ta shekara uku ko biyar? In ka san barci zai ƙaurace maka, ko uwargida za ta matsa a sayar a huta, to ka rage zuwa miliyan 3 ko ma 2.5, babu abin kunya a ciki. Kaso kaɗan da za ka iya riƙewa a lokacin tsanani ya fi maka kaso mai yawa da za ka saki a ƙasan rami. Kuma ka yi wannan shawarar da iyalinka tun yanzu, su san abin da aka shiga.

Wane hannun jari? Kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, tana da ma'aunin Lotus na Musulunci tun 2012, wanda ke tace kamfanoni, ya fitar da bankuna masu kuɗin ruwa, da kamfanonin giya da taba da caca, da waɗanda bashi ya yi wa katutu, ana kuma sake duba jerin sau biyu a shekara. Akwai asusun da ke bin wannan ma'aunin da ake saye da sayarwa a kasuwa kamar hannun jari, akwai kuma asusun haɗaka na halal da hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar jari, ta yi wa rajista. Ga wanda ke aiki daga safe zuwa yamma, ba shi da lokacin karanta rahoton kamfanoni, irin wannan ya fi masa zaɓen kamfani biyu ko uku da hannunsa. Sai dai ka sani, da zarar an cire bankuna abin da ke saura ba shi da yawa, kuma ya fi karkata ga siminti da sadarwa da abinci da manja. In za ka zaɓa da kanka, kada kamfani ɗaya ya wuce kashi ɗaya bisa biyar na kuɗin, kuma kada girman suna ya ruɗe ka. MTN Nigeria da Nestlé Nigeria duka sun bayyana asara a 2023 da 2024 saboda faɗuwar naira, waɗanda suka dogara da rabon ribarsu suka jira shiru. Ka tambayi malamin da ya san harkar game da ɗan abin da ake fitarwa daga riba don tsarkake ta, da kuma yadda zakka ke hawa kan irin wannan dukiya.

Kada ka zuba miliyan 4 ɗin rana ɗaya. Kasuwar ta yi shekaru tana hawa: kashi 50 a 2020, kusan 46 a 2023, kusan 38 a 2024. Lokacin da kowa ke yabon kasuwa shi ne lokacin da ya kamata sabon shiga ya taka a hankali. Ka raba ta 500,000 duk wata har wata takwas. Wataƙila ka rasa wani abu in ta ci gaba da hawa, amma ba za ka sayi komai a kan tsini ba. Sukuk na gwamnati kuma ba kullum ake fitar da shi ba, kusan sau ɗaya ne a shekara, ana shiga da 10,000 zuwa sama, ana biyan haya duk wata shida. Kuɗin da ke jiransa ya zauna a ajiyar mudaraba.

Bayan an raba, aikin da ya rage shi ne mayar da sikeli daidai sau ɗaya a shekara, kuma shi ne wanda mutane suka fi kasa yi. Ka ce hannun jarinka ya tashi daga miliyan 4 zuwa 6, sukuk yana nan a 2. Jimla 8, kashi biyu bisa uku nata kuwa, wato rabon hannun jari tun farko (4 cikin 6), miliyan 5.33 ne, don haka za ka sayar da na kusan 670,000 ka mayar ɓangaren sukuk. In kuma ya faɗi zuwa 2.4, jimla ta zama 4.4, rabonsa ya kamata ya zama kusan 2.93, sai ka ƙara masa wajen 530,000. Zuciya za ta ƙi duka biyun: in yana hawa kwaɗayi ya ce bari, in yana sauka tsoro ya ce gudu. Ka tsayar da wata guda a shekara, ka rubuta shi, ka bi. Hanya mafi arha ita ce ka riƙa tura hayar sukuk da ribar da aka raba maka zuwa ɓangaren da ya yi ƙasa, don kuɗin dillali da ake cira a kowace sayarwa kada ya yi ta ɓalgace maka jari.

Duk wannan ya bi ta hannun dillalin da ke da rajista da SEC, a buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye rajistar hannun jarinka, da sunanka, ka cika takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa shiga asusun bankinka kai tsaye. Ana cire harajin kashi 10 a kansa tun kafin ya iso. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ka tuna damfarar MMM a 2016 da ta CBEX a 2025.

Kason nan ba na har abada ba ne. Da zarar biki ya wuce, yaro ya kusa kammalawa, in akwai rarar albashi za ka iya ƙara wa hannun jari. Daga shekara 55 kuma sai ka fara juyawa, domin a lokacin kuɗin ritaya ma ya zama mai rana: duk shekara ka ɗebi kamar kashi ɗaya bisa goma na hannun jarin ka mayar sukuk mai wa'adin da zai cika a shekarun farko na ritayarka, ta yadda ranar da albashi ya tsaya kana da kuɗin cefanen shekara uku zuwa biyar da bai dogara da farashin kasuwa ba. Sauran ka bar shi a hannun jari, saboda mai shekara 60, in Allah ya ba da tsawon rai, yana iya samun wasu shekaru ashirin na sayen abinci da magani a gabansa.